Rim 19 ko babban birki: wanne zan fara saya wa motata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da BMW E46 325Ci mai ƙofa biyu, tana kan rim 17 na kamfani. Na ga wasu rim 19 na gwanjo a Panteka, mai su ya ce daga jikin BMW aka cire su, don haka za su hau. Ina kuma sha'awar babban birki, irin mai jan kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki. Kuɗina ba za su kai duka biyun ba. Wanne zan fara? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, in za ka bi ta tawa, rim ɗin nan ka bar wa mai su. Cewa daga jikin BMW aka cire ba hujja ba ce, domin BMW ɗin ma iri-iri ce. Taka tana cin rim mai awon 5x120, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, ramin tsakiya kuma 72.6 ne. Sababbin BMW irin su G20 sun koma 5x112, ba za su hau taka ba ko da rantsuwa. Na E39, wato tsohuwar 5 Series, ramukansu sun yi daidai, amma ramin tsakiyarsu 74.1 ne. In ka ɗaura su ba tare da zoben da ke cike giɓin ba, da ka kama hanyar Zariya ka fara gudu sitiyari zai dinga rawa, ka yi ta kai wa mai balansin kuɗi a banza.

Sai lambar da yawancin masu saye ba sa dubawa. Juya rim ɗin, a bayansa za ka ga an buga ET da wata lamba. Ita ce ke nuna ko tayar za ta shige ciki ko ta fito waje. Rim 17 mai faɗin inci 8 da aka saba gani a E46 ET47 ne, na E39 da magajiyarta E60 kuwa da yawansu ET20 ne. In faɗin ɗaya ne, tayar za ta fito da milimita 27. A tsaye abin da kyau. Ka ɗauki mutum biyu a baya ka hau tudun rage gudu, a nan za ka ji madigadi yana yankar tayar.

Ko da duk awon ya dace, akwai maganar hanya. Tayar 225/45 R17 tsayin gefenta kusan milimita 101 ne. Ta 225/40 R18 milimita 90. Ta 225/35 R19 ba ta kai 80 ba. Wannan robar ita ce ke shanye dukan rami kafin ya isa ga rim, kuma ka fi ni sanin yadda titunanmu suke bayan damina. Rim 19 ya fi nauyi, tayarsa ta fi tsada, ya kuma fi saurin lanƙwashewa. In dole sai ka canza, tsaya a 18. Kuma kafin ka biya, a ɗora kowanne a kan injin balansin ka ga yadda yake juyawa da idonka, ka shafa cikinsa ka nemi tabon walda. Rim ɗin da aka taɓa yi wa walda aka rufe da fenti ba abin saye ba ne komai arharsa.

Batun birki kuwa, yi wannan gwajin a hanyar da ba kowa: taka birki da iya ƙarfinka. In ka ji ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, yana bugun ƙafarka, to birkin da kake da shi ya riga ya fi ƙarfin tayarka. Babban kalifa ba zai rage maka nisan tsayawa a taku ɗaya ba. Amfaninsa shi ne jure zafi, ga mai taka birki da ƙarfi a kai a kai a filin tsere. Saboda haka kuɗin ya fara zuwa kan sababbin tayoyi masu kyau. Don sanin shekarun taya, duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019. Bayan taya sai fad ɗin birki na asali irin na kamfanin ATE ko Textar, sai sabon man birki. In har akwai saura kuma kana son ƙari, kayan birkin gaban E46 330i sun fi maka: faifanta milimita 325 ne, naka 300, kuma suna shiga cikin rim 17. Sai dai kalifa da mariƙinsa da faifan tare ake canza su.

Jan kalifar da kake gani a titi, da yawa murfin roba ne aka rubuta wa sunan kamfanin birki na Brembo. Ba ya riƙe komai sai zafi.

Tambaya: Maigidana ya sayo fad da faifan birki, ya ce shi zai ɗaura a tsakar gida ran Asabar, bai son kai wa bakanike. Irin motar ce da ta mai tambayar farko. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, canza fad da faifai aiki ne da mai natsuwa zai iya yi a gida. Abin da za ki sa wa ido shi ne yadda ya ɗaga motar. Jak don ɗagawa aka yi shi, ba don riƙewa ba. Sai ya samo madogarar ƙarfe ya jingina motar a kai, a kan daɓen siminti, ba a kan yashi ko bulo ba, ya kuma tokare tayoyin da ke ƙasa. Yara su yi nisa.

Ga saƙona gare shi. Kada ya bar kalifa yana reto a jikin tiyon birki, ya rataye shi da waya. Ya goge tsatsar da ke fuskar da faifan zai zauna, don ɗan datti a nan shi ne ke jawo rawar birki daga baya. Hagu da dama tare ake canzawa. Wayar da ke kunna fitilar gargaɗin cinyewar fad tana gaba ta hagu da baya ta dama, in ta riga ta cinye sai an sa sabuwa. Kusoshin taya a ɗaure su da sifana mai awo a kan Nm 120, ana tsallake ɗaya, ba a hau kan sifana da ƙafa ba. Kafin ya motsa motar ya yi ta taka birki har ya yi tauri, domin takun farko bayan canza fad yakan tafi ƙasa babu riƙo. Mutane sun sha rushe ƙofar gidansu a kan wannan. Daga nan ya fita hanya mara cunkoso ya rage gudu daga 80 zuwa 20 sau da yawa ba tare da tsayawa cak ba, don fad ɗin ya zauna.

In aikin ya kai ga kwance tiyo ko fitar da iska, kuma bai taɓa yi ba, wannan kam a kai gareji. Iska in ta shiga na'urar ABS, fitar da ita yakan buƙaci kwamfuta.

Tambaya: A Ƙofar Ruwa an ba ni man birki DOT 5, an ce ya fi DOT 4 tunda lambarsa ta fi girma. In zuba?

Amsa: A'a, mayar wa wanda ya ba ka. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da DOT 4, kuma ba a son sa a mota mai ABS. Wanda ke haɗuwa shi ne DOT 5.1. Abin da murfin tankin ya ce shi za ka bi, a BMW ɗin nan DOT 4 ne. Man yana tsotsar danshi: sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya sauka zuwa wajen 155, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Sayi wanda ke rufe da hatiminsa, ban da na awo da ake tsiyayowa daga buɗaɗɗen galan.