Tambaya da Amsa: Na tsara sabuwar rawar kwantira, amma layi ya ƙi gaba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a jihar Masacusets ta Amurka, kuma duk mako ina zuwa rawar kwantira. Na tsara tawa kamar haka: balans da suwin da maƙwabciya, dogayen layuka gaba da baya, maza su yi alamand da hannun hagu sau ɗaya da rabi, balans da suwin da abokiyar rawa, cen na mata, sai tauraron hagu. Da muka gwada, kowa ya ƙare da maƙwabtan da ya fara da su, kuma a layin da ba nasa ba. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan koyar da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lissafin bugunka daidai ne, matsalar tana wurin tsayuwar mutane. Amma bari mu fara da wanda bai san rawar ba. Kwantira rawa ce ta arewa maso gabashin Amurka, tushenta daga raye-rayen karkara na Ingila da Faransa na ƙarni na 17. Ana tsayawa layi biyu dogaye, a kasu huɗu-huɗu: namiji da abokiyarsa masu lamba ɗaya, da maƙwabtansu masu lamba biyu. Masu lamba ɗaya suna fuskantar ƙasan ɗaki, wato gefen da yake nesa da makaɗa, masu lamba biyu suna fuskantar makaɗa, kuma mai kira yana faɗin abin da za a yi. Kiɗan bugu 64 ne, an raba shi gida huɗu, A1, A2, B1, B2, kowanne bugu 16. In an gama 64 ɗin, dole kowane namiji da abokiyarsa su tsinci kansu gaban sababbin maƙwabta. Rawar da ba ta cika wannan ba, ba ta zama kwantira ba tukuna.

To ga inda taka ta karkace. Duk suwin, wato riƙe juna ana juyawa, yana ƙarewa ne mace tana hannun daman namiji. Saboda haka suwin ɗinka na A1 ya riga ya matsar da masu lamba ɗaya ƙasa, an samu ci gaban da ake nema tun daga nan. Sai ka tura maza suka tsallaka da alamand, wato mutum biyu su kama hannu ɗaya su zagaya juna, aka yi suwin na biyu a layin da kowace mace take. A wancan layin, hagun namijin lamba ɗaya yana wajen makaɗa ne, don haka ya koma sama. Cen kuwa, wato mata su tsallaka su sauya layi, mata kaɗai yake musanyawa, maza ba sa barin wurinsu. Ka ga namiji ya maƙale a sama, a layin da ba nasa ba, tauraro kuma, wato mutum huɗun su haɗa hannu a tsakiya su zagaya, zagaye cikakke ne, inda ya ɗauke ka nan zai ajiye ka.

Gyaran iri biyu ne. Mafi sauƙi, a A2 ka ba mata alamand ɗin, da hannun dama, sau ɗaya da rabi. Suwin na B1 zai faɗo a layin da kowane namiji yake, cen ya mai da mata layinsu, tauraron hagu ya miƙa kowa ga sabon maƙwabci. Mu wannan muka fi so, domin juyin da namiji yake yi da mace a ƙarshen cen yana zubawa cikin tauraron hagu ba tare da an tsaya ba. In kuwa ka fi son alamand ɗin maza, to B2 ne zai sauya: da'ira zuwa hagu kashi uku cikin huɗu, bugu 8, balans a da'ira, wato taku gaba da baya, bugu 4, sai juyin Kalifoniya, inda mace take bi ta ƙarƙashin hannun abokinta su musanya wuri su juya baya, bugu 4.

Kafin ka sake tara mutane, ɗauki kwabbai huɗu ko murafen kwalba, ka yi musu alama, ka bi rawar da su a kan tebur sau biyu a jere. Da ka yi haka, da ka kama wannan kuskuren cikin minti ɗaya. Abin da kwabo ba zai gaya maka ba shi ne jin jiki. Suwin, da'irar hagu da alamand na dama duk juyi ne irin na hannun agogo, in suka jeru da yawa jiri zai kama mutane. Duba kuma wane hannu ne a sake a ƙarshen kowane motsi, don kada ka nemi hannun da yake riƙe da wani. Wannan sai da mutane na gaske, takwas ko goma sha biyu, domin ka ga abin da ke faruwa a bakin layi, inda waɗanda suka fita suke musanya wuri su jira zagaye ɗaya. Sannan ka leƙa rumbun raye-raye na intanet mai suna The Caller's Box. Jeri mai sauƙi irin wannan, da wuya a ce wani bai riga ka ba, kuma a wannan harka ana kiyaye sunan wanda ya fara tsarawa.

Wajen koyarwa, taƙaita magana. Ka sa su kama hannu huɗu-huɗu daga sama, masu lamba ɗaya su musanya wuri, sai ku bi rawar da tafiya ba kiɗa sau ɗaya, in da baƙi da yawa sau biyu. Kowace jimla ta faɗi wa za a nufa, da wane hannu, sau nawa, da kuma inda za a ƙare: "mata, hannun dama, sau ɗaya da rabi, ki nemi abokinki." Wannan na ƙarshen ne masu fara kira suke mantawa, alhali shi ne yake hana ruɗewa. In akwai wuri mai wuya, sauko ka nuna da mutum huɗu, ya fi dogon bayani a makirfo.

Da kiɗa ya tashi, kira yana zuwa ne kafin motsi. Ka faɗe shi a bugu huɗun ƙarshe na motsin da ake ciki, ya ƙare daidai kafin bugun farko na sabo. In ka yi kira a kan bugun farko, ka makara, kuma ɗakin duka zai makara tare da kai. A saurin bugu 120 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 32 ne, zagaye 15 kuwa minti takwas. Yi cikakken kira a zagaye uku ko huɗu na farko, sai ka rage zuwa kalma ɗaya ɗaya, sannan ka yi shiru ka bar su da makaɗa, idonka yana kan bakin layi da inda baƙi suka taru. Ka yi wa makaɗa alama da yatsu saura zagaye biyu ko uku, kuma ka tanadi wata tsohuwar rawa mai sauƙi a aljihu, ko da sabuwar za ta watse a daren farko.