Dalilin da Ya Sa Muke Fara Duba Riga Kafin Rauni

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa nake daɗewa a kan jallabiyar mamaci kafin in duba raunin harsashi, alhali dangi suna waje suna jiran gawa domin su yi jana'iza kafin magariba. Gaggawarsu tana bisa hanya, amma riga ce ke fara karɓar duk abin da ya fito daga bakin bindiga. Idan an yi harbin daga kusa, kunkunniya da ɓurɓushin albarushi sukan maƙale a yadi, fata kuma ta fito tsaf kamar an harbo daga nesa, musamman ga mutanenmu na Omdurman a nan Sudan da ke sa wata riga a ƙarƙashin jallabiya. Wanda ya dogara da fata kaɗai zai rubuta wa alƙali nisan da ba shi ne ba, kuma wannan yana iya kai marar laifi kurkuku.

Kada ka ruɗu da siririn zoben toka-toka da ke kewaye da hudar. Dattin dalma da maiƙo ne da harsashi ya goge a yadi yayin shigarsa. Yana nuna mashiga, amma ba ya faɗin nisa. Nisa sai daga yadda albarushi ya warwatsu, shi ma sai an gwada harbi da wannan bindigar da irin harsashinta an kwatanta. Idan yadin baƙi ne ko jini ya rufe shi, hoton infrared, wato wanda ake ɗauka da hasken da ido ba ya gani, yakan fito da kunkunniyar da ido bai gani ba, sannan a bi da gwajin Griess, wanda ke bayyana ragowar albarushin da ya ƙone da launin ruwan lemo.

Saboda haka kada almakashinka ya ratsa huda, kada ka kakkaɓe rigar. Ka shanya ta a inuwa ta bushe, ka sa ta a jakar takarda, domin leda a zafin Sudan takan sa jini ya ruɓe da wuri.

Bayan riga sai hoton eksire, domin a san inda harsashi ya tsaya kafin a taɓa wuƙa. Shi ƙoƙon kai ba ya ba da wahala sosai wajen gane mashiga da mafitar harsashi: mashiga takan faɗaɗa ta fuskar ciki, mafita kuma ta fuskar waje. Idan harbi biyu ne, ka bi tsagewar ƙashin ka gane wanda ya riga, domin tsagar harbi na biyu takan tsaya inda ta ci karo da ta farko, kamar yadda Georg Puppe na Jamus ya bayyana a 1903.