Ɗora ƙaramin jariri a ƙirji bayan sallama daga asibiti

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki ci gaba da ɗora jaririnki mai nauyin kilo 1.9 a ƙirji, fata da fata, yanzu da aka sallame ku, kuma ko mahaifinsa zai iya karɓarki idan kin gaji. Ƙwarai ki ci gaba, kuma shi ma zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba haka na tsawon awa 8 zuwa 24 a rana, domin ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumin jiki, sai dai ya ari na wanda ya rungume shi.

Sharaɗin da ba na wasa da shi tun lokacin da na reni 'yata bakwaini shi ne numfashi. A tsayar da jaririn a tsakiyar ƙirji, daga shi sai nafkin da hula da safa, a juya kansa gefe guda, a ɗan ɗaga haɓarsa, sannan a ɗaure shi da zane mai laushi wanda bakinsa zai tsaya daidai ƙasan kunnensa. Da dare nakan jera matasai in kishingiɗa, ban taɓa kwanciya shame-shame da ita ba. Idan kika ga numfashinsa yana yankewa, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi duk da rungumar, ku koma asibiti nan take.