Zan je Dubai sari: yaya zan san farashin da zan taya?

Tambaya: "Ina sayar da abayoyi da mayafai a Tudun Wada, Zariya. Zan je Dubai sari karon farko, ina tsoron a ga baƙuwa a tsuga mini kuɗi. Yaya zan san farashin gaskiya?"

Hajiya, lissafin nan daga Zariya yake farawa. Kafin ki tashi, ki zaga kasuwar Sabon Gari, in da hali ki leƙa Kantin Kwari a Kano, ki rubuta nawa ake sayar da irin abayar da kike so. A cikin kuɗin ki cire ribarki, kuɗin kago (wato dakon kaya) da na kwastam, da kason jirgi da masauki da zai hau kan kowace abaya. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinki. Ki mayar da shi dirhami, kuɗin Dubai: dala ɗaya dirhami 3.67 ce, ba ta hawa ba ta sauka. Amma ki yi lissafin da farashin da ɗan canji ya sayar miki da dalar, ba wanda kika gani a intanet ba.

Ranar farko ban da saye. Ki shiga kasuwar Naif da lungunan unguwar Deira da littafi a hannu, ki tambayi kaya iri ɗaya a shago biyar ko shida. Ki tambayi kuɗin guda, sannan na dozin, domin tazarar da ke tsakaninsu ce za ta nuna miki inda mai shago zai iya sauka. Ki tambaya kuma ko harajin VAT na kashi 5 yana ciki. Wasu sai an zo rubuta rasit suke ɗora shi. Ki taɓa yadin da kyau. Abaya biyu kan yi kama a ido, alhali ɗaya yadin nida ce mai nauyi, ɗaya kuwa wanki biyu ta koɗe.

Taya rabin kuɗi a shagon 'yan yawon buɗe ido ake yinsa. A shagon sari ribarsu ƙanƙanuwa ce, in kika yi haka sai a ɗauka ba saye kika zo ba. Ki faɗi adadin da za ki ɗauka, ki nemi ragi a kansa. Mai rakiyar da ya ce ba ya karɓar ko sisi kuwa, galibi kamashonsa yana cikin farashin da aka faɗa miki.

In za ki haɗa da zinari, kuɗin giram a kafe yake a allo kullum, ba a tayawa. Kuɗin ƙira ake tayawa, kuma a rubuta miki nauyi da karat a rasit.

Abaya mai duwatsu tana da nauyi, kagon jirgi kuma da kilo ake biya, don haka ki auna guda ɗaya kafin ki ce a ɗaure miki dozin goma. Ki tsaya a ƙirga a gabanki, ki duba girma da launi kafin a rufe kwali.