Neman aikin gwamnati ta intanet: a hannun wa takardunka suke kwana?

Wani matashi daga Gusau ya rubuto: "Yaya, na gama bautar ƙasa tun bara, har yau shiru. Duk shafin ɗaukar aiki da gwamnati ta buɗe sai ya nemi lambar NIN, ranar haihuwa, hoto da lambar waya, wani ma har da BVN. Mahaifina ya ce kada in kuskura in bayar, za a kwashe ɗan abin da ke asusuna. In cike ko in haƙura?"

Ƙanena, ka cike. Amma ka gaya wa Baba tsoronsa ba na banza ba ne. Yanzu kusan duk ƙofar aikin gwamnatin tarayya ta intanet ake shigarta, daga N-Power da aka fara a 2016 zuwa ɗaukar ma'aikatan shige da fice, kwana-kwana, gidan gyaran hali da sibil difens da hukumar CDCFIB ke yi. Wanda ya ƙi ba da NIN ya cire kansa daga layi tun kafin a fara kiran suna. Kuma gwamnati na da hujjarta: da wannan lambar ake gane mai cike fom sau biyu da mai rage shekaru. BVN kuwa an fi nemanta a shirye-shiryen da ake biyan alawus kai tsaye ta banki, irin yadda aka yi a shirin N-Power.

BVN kaɗai ba ta fitar da kuɗi daga asusu. Inda gizo ke saƙar shi ne idan ɗan damfara ya haɗa ta da cikakken sunanka, ranar haihuwarka da lambar wayarka. Sai ya kira ka da murya irin ta ma'aikaci, ya karanto maka bayananka tsaf, ya ce an zaɓe ka, saura kawai ka faɗa masa lambar da aka turo maka yanzu ta tes. Wannan lambar ita ce mabuɗin. Babu hukumar ɗaukar aiki da ke buƙatar ta, ko lambar sirrin katin ATM, ko lambobin da ke jikin katin. Duk fom ɗin da ya nemi ɗaya daga cikinsu ka rufe shi nan take.

Kafin ka rubuta ko da harafi ɗaya, duba adireshin shafin. Na hukumomin gwamnati kan ƙare da .gov.ng, kuma ƙarshen nake nufi, ba wanda aka cusa kalmar gov a tsakiya ba. Gara ka rubuta adireshin da hannunka daga sanarwar hukumar a jarida, maimakon latsa wanda aka yaɗo a zauren WhatsApp da taken "a tura wa mutum goma".

Ba zan ce maka abin da ke hannun gwamnati a kulle yake da kwaɗo ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta bayyana cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100, hukumar NIMC mai ba da lambar NIN kuma ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta ina ɓarakar ta fito, mara aiki ne ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin ba shi da bakin cewa a'a. Akwai dai doka: a watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta ba ka ikon tambayar abin da aka tara a kanka da abin da ake yi da shi, ka nemi a gyara kuskure, a wasu halaye ma a goge, ka kuma kai ƙara wurin hukumar. A ganina, ya kamata kowane shafin ɗaukar aiki ya faɗa ƙarara tsawon lokacin da zai ajiye takardun waɗanda ba a ɗauka ba, domin su ne mafi yawa nesa ba kusa ba.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce: "Wayata ƙarama ce, a kafe nake cike komai. In matsa in sayi babbar waya ne, ko in ci gaba da zuwa kafe?"

Ƙanwata, ba sai kin ci bashin waya ba. Kafe na da amfaninsa: suna da na'urar sikanin da firinta, sun kuma iya rage girman hoto idan shafi ya ƙi karɓa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake aikin. Mutum ya miƙa fayil ɗinsa, ya koma benci yana jira, yaron kafe ya buɗe masa sabon imel, ya ƙirƙiri kalmar sirri, wani lokaci har ya sa lambar wayarsa a gurbin ta mai nema don ya yi sauri. Ranar da aka fitar da sunayen masu jarrabawa, saƙon wurin yaron kafen zai tafi. Leƙa fuskar kwamfutar irin wannan shago ki ga hotunan fasfo, takardun haihuwa da na shaidar ƙaramar hukuma na mutanen da suka zo tun watannin baya, a baje, duk wanda ya zauna yana iya kwafa.

Saboda haka ki je da imel ɗinki da layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinki. Ki zauna kusa da mai cikewa, ki shigar da kalmar sirri da yatsunki, in burauza ta tambaya ko ta ajiye a ce a'a. Ki karanta sunanki da ranar haihuwa kafin a tura, domin harafi ɗaya da ya saɓa da na NIN ko na banki kan jawo wahalar da ta fi ta cike fom ɗin. Da an gama, a goge takardunki a gabanki, har daga kwandon shara na kwamfutar, ki tafi da duk takardar da aka buga ta lalace. In akwai ɗan'uwa amintacce mai babbar waya, ki ari tasa ki canza kalmar sirrin a ranar.

Na ƙarshe wani magidanci ne daga Bauchi, wanda aka yi wa tayin gurbin aiki ga ɗansa idan ya biya wani kaso yanzu, ya kuma tura takardun yaron ta WhatsApp.

Malam, kada ka tura ko sisi, kada ka tura takarda. Hukumomin nan da bakinsu suke sanar da cewa neman aikin kyauta ne. Ba mu manta da 15 ga Maris 2014 ba, lokacin da aka karɓi naira 1,000 daga kowane mai neman aikin shige da fice, aka tara su a filayen wasa, turmutsitsi ya ci rayuka. Mai sayar da gurbi kuwa riba biyu yake nema, kuɗinka da takardun ɗanka, waɗanda za a iya buɗe asusu ko karɓar bashi da su da sunan yaron. In har takardun sun riga sun tafi, yaron ya je bankinsa gobe da safe ya sanar da su, ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa, kai kuma ka adana saƙonnin da lambar asusun da aka ba ka, ka kai wa EFCC ko 'yan sanda.