Zan tafi karatu Ingila, ya zan buɗe akawun?

Tambaya: Salam Malam, na samu gurbin yin mastas a Ingila, wata mai zuwa zan tafi in sha Allah, ance wai buɗe akawun a can wahala ne sosai. Dan Allah me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka. Gaskiya ba wahala bace sosai, matsalar dai adireshi ce, banki irin Barclays ko HSBC ko Lloyds zasu nemi fasfo ɗinka da shaidar biza da kuma takardar makaranta mai nuna kai ɗalibinsu ne da inda kake zaune, to wannan takardar sai ka gama rijista ake baka, kaga kenan satin farko zaka iya zama ba kati. Shi yasa yara da yawa ke fara buɗe akawun a Monzo ko Revolut, wato manhajojin ajiyar kuɗi na waya, kafin nan. Ka tafi da ɗan fam a aljihu na abinci da mota.

Abu ɗaya nake roƙonka, duk wanda yace ara min akawun ɗinka a turo kuɗi zan baka kaso, ko ɗan garinku ne kar ka yarda, laifi ne babba a can, zasu rufe akawun ɗin kuma zai iya taɓa bizarka.