Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ke Bin Sawun Kuɗin Jami'an Leƙen Asiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk shekara muna jin an ware wa hukumomin leƙen asiri kuɗi, amma ba mu taɓa jin an karanta yadda aka kashe su ba. Shin majalisar dokokin Gana tana da ikon titsiye NIB, wato hukumar leƙen asiri ta ƙasa, ko da zarar an ce "sirri ne" magana ta mutu? *Daga wani mai karatu a Nima, Akara.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ikon yana nan. Sashe na 178 na kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana a ciri ko sidi ɗaya daga babban asusun gwamnati ba tare da doka ko amincewar majalisa ba, kuma bai keɓe kowa ba. NIB, wadda aka sani da BNI kafin dokar hukumomin tsaro da leƙen asiri ta 2020, tana ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Sashe na 103 kuma ya ba kwamitocin majalisa ƙarfi irin na Babbar Kotu: su kira jami'i, su rantsar da shi, su tilasta masa kawo takardu.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 121. Idan Majalisar Tsaron Ƙasa ta ba da shaidar cewa fitar da wata takarda zai cutar da tsaro, ba za a tilasta wa jami'i ya miƙa ta ba. Idan akwai shakka, Kotun Ƙoli ce ke yanke hukunci. To amma Shugaban Ƙasa ne ke jagorantar Majalisar Tsaron, wato wanda ake bincika shi ke riƙe da makullin akwatin. Ga kuma sashe na 78, da ya ce akasarin ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su. Mai hangen kujerar minista da wuya ya matsa wa gwamnatinsa lamba.

A ganinmu, lokacin da majalisa ta fi ƙarfi shi ne kafin kuɗi su fita. A shekarar da ba ta zaɓe ba, ana gabatar da kasafi zuwa 15 ga Nuwamba, kwamiti ya zauna da kowace hukuma. Nan ne za a ce sai an ga rahoton bara kafin a amince da na bana. Bayan an kashe, sai jiran Babban Mai Binciken Kuɗi, wanda ke da wata shida bayan ƙarewar shekara ya kai rahoto. Kafin Kwamitin Binciken Asusun Gwamnati, wanda ɗan adawa ke shugabanta, ya kai ga rahoton, wani jami'in ma ya bar ofis.

Tambaya: Idan gaggawa ta taso fa, Shugaban Ƙasa zai iya kashe kuɗi kafin ya tambaya? *Daga wata mai karatu a Aboabo, Kumasi.*

Amsa: Hajiya, akwai Asusun Ko-ta-kwana na sashe na 177, amma ba a taɓa shi sai kwamitin kuɗi na majalisa ya gamsu cewa buƙatar ta gaggawa ce kuma ba a yi mata tanadi ba. Daga baya dole a kawo ƙarin kasafi a mayar da abin da aka cira. Haka aka bi a 2020 lokacin korona.

Kada a haɗa shi da kason ko-ta-kwana da ke cikin kasafin kansa. Shi wannan kaso, majalisa ta riga ta amince da shi a dunƙule, Ministan Kuɗi ke rabawa. A kan wannan bambanci aka kai ruwa rana a 2022 game da kuɗin ginin babban cocin ƙasa: 'yan adawa suka ce daga asusun aka cira, Ministan Kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya ce daga kason ne. Saboda haka idan an karanta kasafi, a duba girman wannan kaso, a kuma tambayi ɗan majalisar yankinku ko an kawo musu bayanin yadda aka raba na bara.